Kafin Ki Kai Labarin Yayanki Aji

Daura,
ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Rabi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki da yara. Ina roƙon Allah Ya sa kun sauka lafiya, Ya sa garin ya karɓe ku, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, Ya tsare ku daga sharrin abin da kuke gani da wanda ba ku gani. Mu nan lafiya lau. Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan ƙanwarki Asma'u ta ishe ki da shi a waya. Amsa kike jira a wurina, kuma na gwada ɗaukar waya na ji bakina ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Ranar da kika zo sallama muna zaune a tsakar gida, kika ce mini darasin da aka ba ki a jami'a shi ne juyin halitta, wato yadda halittu ke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya, kuma 'yan aji biyu za ki koyar. Sannan kika sunkuyar da kai kika ce, “Inna, akwai inda za mu zo kan ciwon sikila. Ina so in ba su labarin Yaya, in kin yarda. In ba ki yarda ba, sai in yi da misalin littafi.” Na ce miki tukunyata na ƙonewa, na tashi. Ba komai a kan wuta, kin sani, na sani.

Abin da kika roƙa ba ƙarami ba ne, shi ya sa kika sunkuyar da kai. Jami'ar nan taku cike take da 'ya'yan Daura da Mashi da Mai'adua. Abin da kika faɗa a aji da safe, kafin la'asar ya iso unguwarmu. Mu kuwa mun yi shekara da shekaru muna rufe wannan magana, har yawancin waɗanda suka zo mana gaisuwar rasuwar yayanki zazzaɓi suka san ya ɗauke shi. Ga Asma'u a gida ba ta yi aure ba. Zan ba ki amsa, amma sai kin yi haƙuri kin saurare ni tukuna. Tsohuwar malamar firamare ce ta haife ki, mu ba mu iya ba da amsa ba sai mun yi darasi.

Abu na farko, tun kafin kunya ta hana ni: ina alfahari da ke. Ban taɓa faɗa miki a ido ba, kuma kada ki sa ran zan fara. Ranar da labarin ɗaukarki aiki ya iso, ɗaki na shiga na yi sujada, na fito na hau Asma'u da faɗan wanke-wanke don kada a ga fuskata. Babanku kuwa, wanda sai an yi da gaske ake jin muryarsa a gida, a ƙofar masallaci ya tsaya yana tare duk wanda ya fito. Ni na kama alli a ajin da yara ke zaune a ƙasa, ke ga shi za ki tsaya gaban masu gemu da matan aure. Amma kada kanki ya kumbura, Malama. Allon dai ɗaya ne, kuma na riga ki saninsa.

Lokacin da kike karatu, duk wadda ta tambaye ni abin da kike karantawa sai in ce fannin likita ne. A ganina ba ƙarya ba ce tsagwaronta, tunda akwai jini a ciki. Gaskiyar magana kuwa, gudu nake kada a ce 'yar Malama Hauwa ta tafi koyo cewa biri ne kakanmu. Kin tuna abin da ya biyo baya. Kika zo hutu, Hajiya Talatu maƙwabciyarmu ta shigo da ƙafarta a kumbure, ta miƙe ta a gabanki ta ce, “Likita, duba mini nan.” Kika dube ni, na dubi ƙasa. Kika ce mata, “Hajiya, ni fa a kan sauro nake karatu.” Ta tattara zaninta ta miƙe ta ce, “To, Allah Ya ba da sa'a. Ashe shi ma yana da likitansa.” Har yau in mun haɗu a gidan suna sai ta tambaye ni jikin marasa lafiyarki.

Don haka ki kira darasinki da sunansa tun ranar farko. Kada ki shiga aji kina kame-kame, kina ba da haƙuri tun ba a yi miki laifi ba. Ɗalibi yana gane malamin da ke jin kunyar abin da yake koyarwa tun daga yadda yake riƙe alli, kuma daga ranar ba zai ƙara ɗaukar darasin da daraja ba.

Akwai wata ma da ta fi wannan. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, a Mashi nake koyarwa. Kowa na murna, har da ni, amma kowa kuma na taka-tsantsan, ba mai so a nuna shi da yatsa. Ba wanda ya aiko mana da umarni, ba alƙali ba, ba liman ba. Mu da kanmu malamai muka zauna a ofis muka yanke cewa hotunan jikin ɗan Adam da ke littafin kimiyya na 'yan aji shida za su jawo mana magana. Muka dama sitaci muka bi shafukan muka manne. Kafin mako ya zagayo babu littafin da ba a ɓamɓare ba. Yaran da ba su taɓa buɗe littafi don kansu ba sai ga shi sun haddace wannan babi, sai dai da irin bayanin da suka yi wa junansu a bayan aji. Da labari ya kai ga limamin unguwa, dariya ya yi ya ce mini, “Malama, wa ya gaya muku hanji da huhu haramun ne?”

Na tuna da wannan ne saboda kin ce waɗanda suka riƙe darasin nan kafin ke, tura shi suke yi can ƙarshen zango, su yi ta jan ƙafa har jarrabawa ta cim musu, kowa ya rabu da kowa lafiya. Sitacinmu ne wannan, nasu dai na jami'a ne. In ba ki koya musu ba, za su koya a waya da majalisar shayi, daga bakin wanda bai taɓa buɗe littafin ba, ko mai zagin ilmin ko mai zagin addini. Gara su ji daga bakin wadda ta san abin, kuma suna ganinta a sahun sallar azahar.

Zancen biri kuwa, za a yi miki shi, wataƙila tun ba ki gama rubuta sunanki a allo ba. A nan ne nake jin tsoronki, don na san bakin da na haifa. Tun kina ƙarama in kika kama mutum da gardama ba ki sakinsa sai ya rasa inda zai sa kansa. Ni ma haka nake, ba daga sama kika ɗauko ba. Na taɓa mayar wa wata yarinya magana a aji, don ta yi tambayar da na ga kamar rainin wayo ce. Aji ya kwashe da dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Yarinyar nan har ta gama makarantar ba ta sake ɗaga hannu ba.

Ki tuna ni ce na fara yi miki tambayar birin nan, a kan tabarmar nan ta ƙofar ɗaki. Ba don in ƙure ki na yi ba, tsoro nake ji kada boko ya raba ni da ke gobe kiyama. Ba ki yi mini dariya ba. Kika ce, “Inna, ba wanda ya ce biri ne ya haifi mutum. Masu wannan ilmi cewa suke yi halittu suna da dangantaka tun asali, kamar rassan itace ɗaya, kuma suna da hujjojin da suke kawowa daga tsofaffin ƙasusuwa da ƙwayoyin gado.” Na ce ni dai Annabi Adamu na sani. Kika ce ke ma ba ki sake shi ba, kuma akwai wuraren da har yanzu kike tunani a kansu. Aka kira magariba muka tashi muka yi salla tare. Wannan zance ni da ke ba mu gama shi ba, ban kuma sani ba ko za mu gama. Amma ban kwana da tsoron ba, don na ga ba ki yi mini ƙarya ba, ba ki kuma raina ni ba.

To, duk wanda ya miƙe a aji ya yi miki tambayar nan, ki ɗauka ni ce. Ko da kin ga alamar neman fitina a idonsa, ki amsa masa kamar mai neman sani, domin a bayansa akwai da yawa da ke son jin amsar amma ba su da ƙarfin halin tambaya. Ki faɗi abin da ilminki ya gano da yadda aka yi aka gano shi, kada ki rage don a so ki. Inda ba a sani ba ki ce ba a sani ba. Fatawa kuma ba taki ba ce, akwai masu ita, ki tura su can. In kin zo jarrabawa, ki tambaye su abin da ilmin ya ce da hujjarsa. Abin da ke cikin zuciyar ɗalibi tsakaninsa da Ubangijinsa ba ya cikin abin da aka ɗauke ki ki ba maki.

Na leƙa littattafan nan naki da kika bari a ɗaki lokacin da kike rubutun digirinki. Tsuntsayen wasu tsibirai, da malam-buɗe-littafi a jikin itatuwan ƙasar Turawa. Ban ce ba su da amfani ba, amma yaron da ya taso a Kongolam me ya haɗa shi da tsibiri? Ki fara musu da abin da ya cije su jiya. Kin tuna ranar da nake mita cewa maganin feshin nan na yanzu ba ya kashe komai, sauro ya saba da shi? Kika ce, “Inna, ba sabawa ya yi ba. Wanda maganin ke kashewa ya mutu. 'Yan kaɗan da jikinsu ya zo da abin jurewa su suka rage, su suka hayayyafa, jikokinsu ne ke cizonki yanzu.” Na daɗe ina juya maganar nan. Duk ɗalibanki da irin tunanina za su zo, cewa dabba ce ke ganin wahala ta sauya kanta. In kika iya cire musu wannan kaɗai, kin ci rabin zangon.

Ga kuma kakanki, mahaifina, a ƙauyenmu na bayan Mai'adua. Kowace kaka sai ya bi gona yana ware zangarniyar geron da ta riga sauran nuna, ya ɗaure daban, ya ce wannan iri ne, ko yunwa za ta kashe mu ba a taɓa shi. Ga kasuwar dabbobi, inda ragon balami ke tsaye kusa da na uda, kowanne da kamanninsa, kuma kowa ya san zaɓen makiyaya ne na shekara da shekaru ya raba su. Yaran nan jikokin manoma da makiyaya ne. Sun san zaɓen iri tun kafin su san sunansa a littafi, naki kawai ki nuna musu cewa fari da cuta da yunwa su ma suna yin irin wannan zaɓe, ba tare da hannun mutum ba.

Yanzu bari in zo inda nake ta kewayewa.

Ke ba ki san farkon ciwon yayanki ba, ba a haife ki ba. Tun yana rarrafe hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura, ya yi ta tsala kuka ba a san inda ke masa ciwo ba. Wasu suka ce amosani ne, wasu suka ce iska. Ba inda ba mu je ba, har ƙetaren iyaka an kai ni wurin mai magani a bayan babur, da shi a goye. Da aka yi gwajin jini a babban asibiti aka ce sikila ne, kuma gado ne daga ni da babanku, kowannenmu AS ne, shi ya haɗa biyun ya zama SS. Dangin babanku rabin maganar kawai suka ji, wato rabin da ya shafe ni. Ban ga laifinsu sosai ba, don ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan. In ciwon ya tashi yana murƙususu yana cije leɓe don kada in ji, sai in ji kamar ni na zuba masa abin da hannuna. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da ita ba. Amma na yi shekaru ina jin cewa jinina mugun jini ne, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Sai ranar nan da kika same ni ina tsintar wake, bayan rasuwarsa da 'yan shekaru. Ban san abin da kika gani a fuskata ba. Kika ja faifan gabanki, kika ware fari da ja, kika yi ta jera su bibbiyu. Kika ce mai fari biyu ba ya da sikila, amma zazzaɓin cizon sauro ya fi saurin kayar da shi yana ƙarami. Mai ja biyu shi ne mai ciwon. Mai fari ɗaya ja ɗaya kuwa, irina, ba ya da ciwon, kuma zazzaɓin bai cika yi masa mugun kamu ba. Kika ce shi ya sa abin bai ƙare ba a ƙasashen da sauro ya yi yawa, domin masu ɗauke da rabin nan su suka fi tsallake damina suna yara, su girma su haifa.

Sai na tuna ɗakinmu. Mu da yawa innata ta haifa, kuma kusan kowace damina sai an fita da ƙaramar gawa daga gidanmu ko na maƙwabta, duk zazzaɓi. Ni na kwanta na tashi. Na tambaye ki, “Wato abin da ya kashe shi, shi ya raya ni?” Kika ce, “Inna, ba zan iya rantse miki a kan mutum ɗaya ba. Amma yana iya yiwuwa, kuma a kan jama'a da yawa haka abin yake.” Na ji daɗin da ba ki rantse ba. Da kin rantse da na ce lallashina kike yi.

Ranar nan na sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi. Ban ji imanina ya ragu da ƙwayar zarra ba. Allah ne Ya ba ni yayanki, Shi ne Ya karɓe shi a lokacin da Ya rubuta, sai dai na ga ɗan gefen sababin da Ya bi, na kuma gane ashe ba tsinuwa ba ce a jikina. Wannan ilmin naki ne ya yi mini haka, ilmin da nake jin kunyar faɗin sunansa a gidan biki. Saboda haka na san amfanin abin da kike son yi, ba sai an gaya mini ba.

Amma akwai abin da ba ki sani ba, don kina firamare lokacin. Yayanki yana sakandare, wata rana ya dawo bai taɓa abinci ba, ya wuce wurin tattabarunsa ya zauna. Kin san shi da barkwanci, ko a gadon asibiti sai ya sa ma'aikatan jinya dariya, don haka shirun ya dame ni. Da na matsa sai ya ce malaminsu na kimiyya ya koya musu cewa a duniya mai ƙarfi ne ke rayuwa, rarrauna kuwa halitta da kanta take share shi don iri ya gyaru. Da aka ce ya ba da misali, sai ya ce kamar masu sikila. Yaran da suka san shi duk suka waiwayo. Ya ce mini, “Inna, ashe ni shara ne.” Yana murmushi ya faɗa, irin murmushinsa. Ni kuwa a lokacin ban san malamin nan bai fahimci abin da yake koyarwa ba. Na ɗauka haka ilmin ya ce.

Rabi, ba na jin malamin nan mugu ne. Littafi ya haddace ya zo ya juye, bai dubi fuskokin da ke gabansa ba. Ke ki duba. A ajin nan naki akwai mai idanu rawaya-rawaya da ke zama kusa da ƙofa, wanda ke ɓacewa mako guda ya dawo a rame ya ce tafiya ya yi. Akwai wadda ta binne ƙaninta. Akwai biyu da ke son juna, kowannensu AS, sun sani ko ba su sani ba. Duk kalmar da za ki faɗa a kan wannan babi, ki auna ta kamar yayanki na zaune a layin gaba. Ki gaya musu abin da kika gaya mini, cewa ilmin nan bayanin abin da ke faruwa yake yi, ba ya cewa wane ya cancanci rayuwa wane bai cancanta ba, kuma abin da yake rauni a wani wuri shi ne garkuwa a wani. In an tashi, kada ki yi saurin tattara takardunki. Wani zai tsaya yana gyara jaka har kowa ya fita, wannan shi ne mai tambayar gaske.

Ban yanke shawara ni kaɗai ba, don ba ni kaɗai abin zai taɓa ba. Na sami babanku, ya ce, “Ai ba sata ya yi ba.” Bai ƙara komai ba. Asma'u ce na fi ji, don ita za a fara yi wa gori, a ce 'yar gidan masu sikila ce. Na gaya mata ƙarara cewa wani na iya fasa zuwa saboda wannan. Ta ce, “Inna, ni ma fa AS ce, kuma ko Yaya Rabi ta faɗa ko ba ta faɗa ba sai an yi gwaji kafin a ɗaura. Wanda zai gudu don ya ji a jami'a, gara ya gudu tun ban saba da shi ba.” Na ce yarinya ce, ba ta san zafin bakin mutane ba. Ta ce ta san zafin ciwon Yaya, ita ke riƙe masa ƙafa. Ban ce tsorona ya tafi ba, yana nan. Maganar za ta zo unguwa, za a yi ta, wata ma a gabana. Na shirya mata.

To ga amsarki. Na yarda, ki ba su labarinsa. Amma kada ki ba su labarin ciwo kaɗai, ya zama misali a allo kamar waken faifai. Ki gaya musu shi ya koya miki karatu kafin a sa ki makaranta, shi ke kai ki a keke in jikinsa da sauƙi, shi ya sa miki Sarkin Tambaya. Ki gaya musu babu rediyon da ya gagare shi gyara a unguwar nan, kuma ya shiga kwaleji da ƙafarsa, da sakamakon da ya fi na masu lafiya da yawa. In kin ji muryarki za ta karye, ki tsaya ki sha ruwa, ba abin kunya ba ne. Su ga cewa mutum ne aka yi, ba rarrauna ba.

Kin ce in na yarda za ki ɓoye sunansa, ki ce wani ɗan'uwanki. A nan ne ban yarda ba. Kin san ɗan fari ne, kuma kin san yadda aka tarbiyyantar da mu. Tun ranar da aka raɗa masa suna har ranar da aka fita da shi, bakina bai taɓa kiran sunan nan ba. “Kai” nake ce masa, ko “wannan yaron”. A gaban mutane ban taɓa jawo shi jikina ba, ko a asibiti sai in babu kowa. Ban ce al'ada ta yi laifi ba, haka uwata ta yi, kuma shi ma ya san abin da ke raina. Amma suna ne mai daɗi, babanku ya zaɓa, ni kuma ban taɓa jin yadda yake a bakina ba. Yanzu ma na kai biro zan rubuta miki shi, hannuna ya ƙi. Ke ba ki da wannan kunya, ƙanwarsa ce ke. Ki tsaya a gaban ajin nan ki faɗe shi cikakke, da nasa da na ubansa, da ƙarfi yadda na layin baya zai ji. In kin fito ki kira ni ki ce mini kin faɗa, ba sai kin ƙara komai ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ya haɗa mu da shi a inda babu ciwo. Ke kuma Allah Ya yi miki albarka, Ya daidaita harshenki, Ya sa ɗalibanki su amfana da ke, Ya kare ki daga sharrin mai hassada da mai juya magana. Allah Ya tsare fitarku da shigarku, Ya kiyaye ku a kan hanya duk ranar da za ku zo gida. Ki gaishe da maigidanki, ki shafa mini kan yara, kuma ki riƙa sa musu gidan sauro. Babanku da Asma'u suna gaishe ku.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hauwa